Gonakin Garinmu da Suka Ɓace a Nairobi

Mutumin farko da ya kira sunana a ƙasar Kenya ɓarawo ne. Na fito daga wajen masu duba fasfo ke nan a filin jirgin Nairobi, ina jan akwatina, sai wani mai baƙar kwat ya tare ni da murmushi, ya ce da Turanci, "Mista Sagir? Daga cibiya aka turo ni." Ya karɓi akwatin, ya ce in tsaya nan ya matso da mota. Na tsaya. Sai da ƙafafuna suka fara tsami sannan na tuna cewa sunana yana rubuce ɓaro-ɓaro a jikin akwatin, ƙanwata ce ta rubuta da babban alƙalami don kada ya ɓata.

Ya tafi da tufafina kaf, da yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunun da Inna ta haɗa mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani littafi mai baƙin bango, wanda na rubuta sunayen manoman mazaɓarmu da lambobin gonakinsu a ciki. Fasfo da kwamfutata suna cikin jakar baya, su kaɗai suka tsira. Direban gaskiya na cibiyar da ta kira ni aiki ya iso daga baya, cunkoso ne ya riƙe shi. Ban shiga motarsa ba sai da ya kira ofis na ji muryar shugabar sashenmu da kunnena.

Ni mutumin wani ƙauye ne da ke kusa da Kunci a jihar Kano. A wajenmu gona tana manne da gona, iyakar wani ita ce mafarin wani, abin da ya raba su bai wuce layin gamba ko ƴan itatuwan lalle ba. Bayan na gama karatun kwamfuta a Kano na rasa aiki, sai wata cibiyar binciken noma ta ɗauke mu, mu matasa, mu riƙa zagaya gonaki da waya muna auna girmansu, muna rubuta sunan mai gona da abin da yake shukawa. An ce duk wanda aka auna gonarsa zai shiga jerin masu samun irin gero mai saurin nuna kafin damina.

Mutanen garinmu ba su yarda da wuri ba. Baffa Haladu, yayan mahaifina, shi ne kan gaba. Ya ce bai taɓa ganin an auna ƙasa don alherin talaka ba, yau a auna, gobe a zo da takarda a ce gwamnati na so. Sai da Baba ya miƙe a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya ce, "Ɗana ne yake riƙe da wayar nan. In aka cuce ku, ni za ku kama." Da wannan maganar aka bar mu muka taka gonaki. Baffa ma ya bari, amma yana biye da ni ƙafa da ƙafa, fartanya a kafaɗa.

Da cibiyar ta ga na iya aiki da tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, sai ta kira ni babban ofishinta na Nairobi, in yi wata uku ina taya su tsabtace bayanan da ke zuwa daga Najeriya. Abin da ya kai ni ke nan.

An sama mini ɗaki a unguwar da Somaliyawa suka fi yawa, a gidan wani dattijo mai jan gemu, Mze Abdi. Mze a harshensu na can shi ne dattijo. Da ya ji abin da ya same ni, sai ya shiga ciki ya fito da rigar sanyi da zane irin na maza da sabulu, ya ajiye mini. Na yi godiya, amma a raina ina lissafin abin da zai nema daga baya. Sati biyu na yi ina shiga banɗaki da jakar kwamfuta a rataye. Da ya lura, sai ya kawo kwaɗo sabo fil a ledarsa, ya ba ni makullan duka uku, ya ce, "Sa a ƙofarka." Kunya ta kama ni, amma na sa.

Lokacin damina ce a can, kullum ruwa, kullum sanyi. A gida kuwa bazara ce, ana sharar gona, ana kai taki a jakuna. In na kira Inna ina jin kukan awakinmu a bayanta, sai kewar gida ta kama ni. Tuwonsu na masara tauri gare shi kamar an manta da shi a tukunya, ga ganye babu daddawa babu yaji. Ina ci ne don kada in faɗi.

A ofis mutum uku nake hulɗa da su. Akwai Madam Wairimu, shugabar sashe, mai magana a taƙaice. Akwai Mista Otieno, dogon mutum marar fara'a, shi ke kula da babbar kwamfutar da ake tara komai a kanta, wadda ake kira saba, kuma shi kaɗai ke da ikon shiga ko'ina a cikinta. Sai na uku, wanda ranar farko na ji an ce daga bayana, "Malam, an zo lafiya? Ya hanya?"

Na juya kamar an kira ni daga gida. Sunansa Nura, ɗan unguwar Bacirawa ta Kano, ya girme ni da ƴan shekaru, ya shekara biyu a cibiyar. Ya ce in daina ce masa Malam, in ce Yaya. Shi ya kai ni kasuwar gwanjo na sayi kaya, shi ya nuna mini motar da zan riƙa hawa, ya raba yajinsa biyu ya ba ni rabi. Shi ne kuma ya fara ja mini kunne.

"Ƙanena, ka yi hankali da mutanen nan. In sun ji ɗan Najeriya, ɗan damfara suke gani. Musamman dogon can."

Bayan abin da na gani a filin jirgi, ban buƙaci a maimaita mini ba.

Aikina ba mai wuya ba ne. Abokan aikinmu na gida suna tara bayanai a wayoyi, in sun shigo inda akwai sabis mai ƙarfi sai su turo. Da zarar saba ta karɓa, wayar sai ta goge nata don a sami wuri. Fayilolin suna sauka a wata folda, /srv/farms/incoming. Ni zan duba su, in gyara kurakurai, in mayar da su inda ake ajiye waɗanda aka gama. Da na gaji da yi ɗaya bayan ɗaya, sai na rubuta ɗan jerin umarni da zai yi mini duka a bugu ɗaya, na sa masa suna tace.sh. Foldar da yake zuba waɗanda aka gama kuwa na sa mata suna gamammu, don kewar Hausa ta ishe ni, ina son in ga kalmarmu ko da a baƙin allo ne. Kowace safiya in shiga /srv/farms, in kunna shi, aikin yini ya ƙare kafin shayi ya huce. Madam ta gani ta gyaɗa kai. A wajenta wannan babban yabo ne.

Wata rana Nura ya jawo kujera kusa da ni, ya ce in nuna masa. Na nuna.

"Kullum da hannu kake kunna shi?"

"Eh, Yaya. Da safe."

"To madalla. Kai dai akwai ƙwaƙwalwa."

A sati na bakwai, na zo ranar Litinin na kunna, ya ce babu sabon fayil. Talata haka, Laraba haka. Ban damu ba, na san halin sabis a wajenmu, wani lokaci sai an hau babur an nufi bakin titi. Ranar Alhamis Madam ta kira ni ofishinta, ta juyo mini da allon kwamfutarta. Saƙo ne daga jagoran aikin na Kano, yana cewa sun gama turo bayanan Kunci gaba ɗaya tun ranar Talata, wayoyi sun goge, yana tambaya yaushe jerin sunaye zai fito, don hadari ya fara haɗuwa.

"Saba ta nuna sun iso," in ji ta. "Ba sa cikin incoming. Ba sa cikin foldarka mai suna da ban iya faɗa ba. Ba sa cikin ajiyar kwafin da ake yi kullum. Kai ke taɓa su. Ina suke?"

Na ce ban sani ba. Na ce ban ma gan su ba.

"A cikin fayilolin nan akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu da iyakar gonakinsu. Ka san akwai masu sayen irin wannan?"

"Madam, mahaifina yana ciki."

"Ban ce ka sayar ba. Tambaya na yi."

Ta ce an rufe mini shiga saba har sai an bincika, in bar kwamfutata a teburinta. Mista Otieno ba ya nan, an yi musu rasuwa ya tafi garinsu tun ƙarshen mako, sai Litinin zai dawo. Na fito, duk wanda na haɗa ido da shi sai ya mayar da kai kan aikinsa.

Nura ya same ni a ƙarƙashin rumfar ajiye motoci, ruwa na zuba. Ya dafa kafaɗata.

"Ka lura da wanda ya ɓace daidai lokacin da fayiloli suka ɓace?"

"An ce rasuwa aka yi musu."

"An ce. Kai ka ga gawar? Mutumin da ke da makullin komai, yana iya shiga daga ko'ina. Ba na son in ɗauki alhakinsa, amma ka yi tunani."

Na yi tunanin, har na wuce inda ya kai. Na tuna ranar da Otieno ya tsaya a bayana yana kallon allona bai ce komai ba. Na tuna ya taɓa tambayata ko manomanmu suna da waya duka. Na tuna direba, da mai sharar ofis, har Mze Abdi da kwaɗonsa, na ce wa ya sani ko makullan huɗu ne.

"Shawarata," in ji Nura, "kada ka tsaya jayayya. Ƙasar mutane ce, in abu ya kai ga ƴan sanda ba ka da kowa. Ka rubuta takarda ka ce Inna ba ta da lafiya, ka koma gida da mutuncinka. Ni zan san yadda zan kashe maganar."

Ranar Asabar da hantsi Baba ya kira. Ba ya kira da kansa, sai dai in ni na kira, don haka da na ga lambar na san ba lafiya ba. Bayan gaisuwa ya shiga magana.

"Sagiru, yaran nan abokan aikinka sun ce wai mai yiwuwa a sake awo."

"Ba a tabbatar ba, Baba."

"Baffanka ya ce an sayar da na farko ne, shi ya sa ake neman na biyu. Jiya a masallaci mutum uku suka tare ni. Ni ban san abin da ke cikin na'urarku ba. Kai na sani. Akwai abin da ya kamata in ji?"

"Wallahi Baba ban ci amanar kowa ba."

"To. Ba wanda zai sake bari a taka masa gona, ka san wannan. Ka nemo musu abinsu."

Da littafina mai baƙin bango yana hannuna, da ko sunaye da lambobi na tayar. Babu shi. Na zauna a bakin gado na ɗauko takarda, na fara rubuta abin da Nura ya ce, na kai wajen da zan ce Inna ba ta da lafiya, hannuna ya ƙi. Lafiyarta ƙalau, kuma na ji tsoron in ja mata da bakina. Mze Abdi ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini shayi mai citta, ya ce bai ga na fita cin abinci ba tun jiya. Na karɓa, na jira ya tafi, na shinshina kafin in sha. Har yau in na tuna wannan sai in ji nauyi.

Litinin na je ofis ba takarda. Otieno ya dawo, idonsa ja, ya rame. Wajen ƙarfe goma ya leƙo ya yafuto ni da yatsa. Na bi shi ɗakinsa mai sanyin na'ura, na ƙudura a raina duk abin da ya ce in sa wa hannu ba zan sa ba. Bai ba ni takarda ba, kujerarsa ya ba ni.

"Nuna mini yadda kake yi kowace safiya. Kada ka tsallake komai."

Na rubuta cd /srv/farms, sannan ./tace.sh.

"Kullum sai ka fara shiga nan?"

"Ai nan yake zaune."

"Buɗe shi in gani."

Na buɗe. Ya bi da yatsa har ya tsaya a kan layi biyu na ƙarshe:

mkdir -p gamammu
mv /srv/farms/incoming/*.csv gamammu/

"Karanta mini inda yake ɗauko fayiloli."

Na karanta.

"Wannan cikakkiyar hanya ce. Ta fara da sandar nan mai jirge, wato daga tushe. Ko daga ina aka kunna shi, wuri ɗaya zai je ya ɗauko. To, inda yake zubawa fa?"

"Gamammu."

"Gamammu ta ina?"

Na buɗe baki in ce ta cikin farms mana, sai na tsaya. Babu sanda a gabanta. Ban gaya wa na'urar ta ina ba.

"Kamar ka aiki mutum ne ka ce ya ajiye kaya a ɗaki na biyu hannun dama," in ji shi. "In a gidanka yake tsaye, daidai. In a wani gida yake tsaye, zai ajiye a ɗaki na biyu na wancan gidan, kuma bai saɓa maka ba. Naka ma ya fi haka, don layin farko ya ce in babu ɗakin a gina shi. Ba zai yi kuka ba, ba zai nuna kuskure ba. Kai kullum a wuri ɗaya kake tsayawa, shi ya sa ba ka taɓa gani ba."

Na ce, "Amma ni ban taɓa kunna shi daga wani wuri ba."

"Na yarda. Bari mu ga ko wani ya yi."

Ya karɓi allon rubutu ya buga find / -type d -name gamammu, wato a bincike saba tun daga tushe a nemo duk folda mai wannan suna. Muka zauna muna kallo. Layi ɗaya ya fito, nawa, wanda na sani. Can sai na biyu:

/home/nura/gamammu

Ya buɗe ta. Ga su nan jere, fayilolin Kunci, ba wanda ya ɓata. Na ga lambar mazaɓarmu. Na roƙe shi ya buɗe ɗaya, na gangara har na ga sunan Baba, na ga na Baffa Haladu, gero da wake, gona biyu. Na kifa kaina a kan teburin mutumin da na kwana huɗu ina tsine masa a zuci.

Otieno ya ci gaba da dubawa. Akwai wani agogo a cikin saba da ake kira cron, wanda kake ba shi aiki ya riƙa yi da kansa a kan lokaci. A ƙarƙashin sunan Nura an sa tace.sh ya riƙa tashi kowace awa, tun ranar Juma'ar da ta gabaci ɓatan. Shi kuwa cron, in zai yi wa mutum aiki, daga foldar mutumin ta kansa, wadda ake kira gidansa, yake farawa. Fayil na sauka, kafin awa ta cika an kwashe shi zuwa gidan Nura, inda ajiyar kullum ba ta kaiwa, inda ni ma ba ni da ikon leƙawa.

"Wataƙila taimako ya yi niyya," in ji Otieno. "Wataƙila kuma bai lura da ita ba. Ni da na ga wannan suna a gidana, ban san me yake nufi ba."

"Shi ya sani," na ce. "Duk ginin nan mu biyu ne muka san ma'anarsa."

Ya dube ni. Na ce masa, "Na zarge ka." Ya ce, "Na sani. Tun zuwanka kake rufe allo in na wuce." Na yi masa ta'aziyya a lokacin, wadda ya kamata in yi tun da safe. Mahaifiyarsa ce ta rasu.

Na sami Nura a ɗan ɗakin da muke sallar azahar, yana naɗe darduma. Na rufe ƙofa.

"Yaya, mun ga gamammu."

Bai tambaye ni wace ba. Ya zauna a kan dardumar da ya naɗe.

"Yaushe ka gan ta?" na ce.

"Ranar Talata."

"Kafin Madam ta kira ni."

"Eh."

Ya ce ya sa agogon ne don ya nuna wa Madam cewa shi ya mayar da aikin mai yin kansa. Kwantiraginsa na ƙarewa, kuma ya ji ana cewa mutum ɗaya za a riƙe a kan bayanan Najeriya. Ni ban ma san da wannan ba. Da ya ga foldar a gidansa ya gane abin da ya faru, ya ji tsoron a ce ya taɓa aikin wani ba izini. Ya ce zai gyara a ɓoye, sai Madam ta riga shi, sai kuma ya ga abin yana tafiya ta inda zai amfane shi.

"Ba zan bari su ɓace ba, Sagir. Da ka tafi da kwana biyu zan ce na gano su. Manomanku za su sami irinsu."

"Ni kuma in koma a matsayin wa?"

"Kai yaro ne, ba ka da iyali. Ni ƴaƴana uku."

"Ka ce in ce Inna ba ta da lafiya."

Ya sunkuyar da kai. Na jira ya ce in yafe masa, bai ce ba, ni ma ban ce na yafe ba.

A gaban Madam na fara da nawa laifin. Na ce ni na rubuta hanya rabi, na ɗauka kowa zai tsaya inda nake tsayawa. Otieno ya nuna mata abin da na'ura ta nuna, bai ƙara ko kalma ba. Ta juyo ta tambaye ni ko Nura ya san fayilolin suna wajensa. Na ce ta tambaye shi, yana da baki. Ban san abin da suka yi da shi a ofis ba. An cire shi daga bayanan Najeriya, an mayar da shi wani sashe, ba a kore shi ba. Ni kuma ta miƙo mini kwamfutata ta ce, "Gyara layin nan yau." Ba ta ba ni haƙuri ba. Na gyara, na rubuta /srv/farms/gamammu tun daga tushe, Otieno ya sa na gwada shi daga wurare uku daban kafin ya yarda.

Jerin sunaye ya isa Kano kafin ruwan shuka. Na kira Baba na gaya masa, ya ce, "Alhamdu lillahi," ya miƙa wa Baffa waya. Baffa ya ce, "To ina suka shiga da?" Na ce kuskuren ajiya ne. Ya ce, "Abin da ya ɓata ya dawo, wani ya gani a tsakani." Ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Sauran makonnin na yi su shiru. Ni da Nura sai sallama a bakin famfon alwala. Da wata uku suka cika, cibiyar ta ce in koma gida in ci gaba da aikin daga Kano, wanda ya fi mini komai. Na mayar wa Mze Abdi rigar sanyinsa, ya ƙi karɓa.

Ana gobe zan tafi, da la'asar, Nura ya zo masaukina da wani ƙunshi a leda, an ɗaure shi tam da igiya. Ya ce saƙon mahaifiyarsa ne, Bacirawa a kan hanyata take, in ba zan damu ba. Na karɓa. Yana fita na kulle ƙofa na zauna ina kallon ƙunshin. Na tuna labaran mutanen da aka ba saƙo suka ƙare a kurkukun wata ƙasa. Na kwance igiyar, na zazzage komai a kan gado. Ganyen shayi ne, da rigar sanyi ta mata, da man zafi na ciwon gwiwa, da hoton ƴaƴansa. Na yaga ledar shayin ɗaya na shinshina, na laluba kowane ɗinki na rigar. Babu komai. Na mayar na ɗaure yadda na iya.

Na sami gidan a Bacirawa ba wuya, a wani lungu bayan masu sayar da bulo. Tsohuwa ce ƴar ƙarama mai kaifin ido. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo ruwa da ɗanwake, ta zauna daga bakin ƙofa tana ta sa mini albarka, tana tambayar jikokinta. Na miƙa mata ƙunshin. Ta juya shi a hannu, ta taɓa ƙullin igiyar da ɗan yatsa.

"Wannan ba ɗaurin Nura ba ne. Ma'aikatan filin jirgi ne suka buɗe?"

Da na ce eh, da magana ta ƙare.

"Ni na buɗe, Inna."

Ta dube ni. Ba ta ɓata rai ba. Ta ajiye ƙunshin a gefe, ba ta kwance ba.

"Me ya yi maka?"

Na ce, "Babu komai, Inna. Yana gaishe ki."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta turo kwanon ɗanwaken gabana.

"Ci, ɗan nan," ta ce. "Kunci da nisa."